Littafin Kalmomi Ya Cika, Amma Sakin Layi Ɗaya Ya Gagara

Kwanakin baya ƙanwata ta kawo mini wani littafin rubutu da ta cika taf da kalmomin Turanci. Kowane shafi ta ja masa layi a tsakiya, kalma a hagu, ma'ana a dama, rubutun nan tsaf kamar da inji aka buga. Ta ce, "Yaya, tambaye ni duk wadda ka ga dama."

Na buɗe tsakiya na ce *ubiquitous*. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Abin da ake samu a ko'ina." Na ce *ephemeral*, ta ce, "Abin da ba ya daɗewa." Na jero mata wajen goma, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Sai na buɗe wani ɗan labari na jaridar Turanci a wayata, na miƙa mata, na ce ta karanta sakin layin farko ta gaya mini abin da ya faru. Ta karanta a fili, lafazi ras. Da ta kai ƙarshe sai ta yi jim, ta sake komawa sama. Abin da ya tsayar da ita kalmomi biyu ne, *called off*. Ta san *call*, ta san *off*, amma ba ta san idan sun haɗu ana nufin an fasa abu ba. Ita a fahimtarta an kira taron ne, alhali labarin cewa yake yi an soke shi.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma ba da ita nake fushi ba. Ta yi abin da aka ce ta yi, har ta wuce. Haushina yana kan hanyar da aka ɗora ta a kai, wadda littattafan share fagen jarrabawa da manhajojin waya da gajerun bidiyoyin intanet suke tallatawa ba dare ba rana: haddace jerin manyan kalmomi, sannan ka karanta ɗan guntun rubutu mai wuya ka amsa tambayoyi biyar.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan hanya tana cinye lokacin mai koyo ba tare da ta koya masa karatu ba. Wanda ke son ya fahimci Turanci a rubuce, abin da ya fi buƙata shi ne ya riƙe ƙananan kalmomin da ake maimaitawa kullum riƙo na gaske, sannan ya karanta abubuwa masu sauƙi da yawa. Da yawa fa, ba shafi ɗaya a mako ba.

Ɗan hakin da ka raina

Kalmomin harshe ba nauyinsu ɗaya ba. A shekarun 1960 masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun tara rubuce-rubucen Turanci iri-iri masu kalmomi kimanin miliyan ɗaya, suka ƙidaya su. Kalmar *the* kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin ɗari. Kalmomi 135 kacal ne suka ɗauki rabin dukkan rubutun. Daga nan yawan maimaituwa yake faɗuwa warwas, har a kai ga dubban kalmomin da sau ɗaya tak suka bayyana a cikin miliyan ɗin.

Tun kafin wannan, wani malami ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya yi koyarwa a Dhaka (babban birnin Bangladesh a yau) a shekarun 1920, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 a 1953, waɗanda ya ga sun fi amfani ga mai koyo. Kalmomi irin waɗannan 2,000 na farko suna ɗaukar wajen kashi 80 cikin ɗari na yawancin rubutun Turanci.

To ina *ubiquitous* a wannan lissafi? Can baya. Kana iya karanta littafi guda ba ka ci karo da ita ba. Amma *get* da *take* da *put* da *run* da *turn* suna nan a kowane shafi, kuma kowacce da fuskoki barkatai. Da masu ƙamus ɗin Oxford suka sake bitar aikatau *run*, ma'anoni fiye da 600 suka lissafa masa.

Mu da muke jin Hausa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ka ɗauki baƙon da ya haddace cewa "ci" na nufin sa abu a baki a haɗiye. Me zai yi da ci amana, ci jarrabawa, ci bashi, ci mutunci, ci zaɓe, ci gaba? Ko ya koyi "sha" sannan ya ji an ce wane ya sha wuya, ya sha kaye, ya sha alwashi, ya fita shan iska. Wannan baƙo zai iya rantsewa ya san kalmar, ya sa mata alama a littafinsa, ya wuce zuwa ga wata babba irin "tsattsauran ra'ayi". Amma hira ta minti biyar za ta tona masa asiri.

Abin da ke faruwa da masu koyon Turanci ke nan. Suna raina *put* saboda haruffa uku ce, sun koye ta tun makon farko. Sai *put up with* ta zo da ma'anar haƙuri da abu, *put off* ta zo da ma'anar ɗage abu, *put out* ta zo da kashe wuta. Waɗannan ba a koyon su daga shafi mai layi a tsakiya. Sai mutum ya yi ta gamuwa da su a jimla bayan jimla har su zauna.

Lissafin da ya kamata kowane malami ya yi

Kashi 80 cikin ɗari a jarrabawa maki ne na alfahari. A karatu kuwa bala'i ne. Yana nufin a kowace kalma biyar akwai ɗaya da ba ka sani ba. Shafi mai kalmomi 300 ke nan yana ɗauke da ramuka 60.

A shekarar 2000 Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, tare da abokiyar aikinsa Marcella Hu, sun gwada wannan. Sun ɗauki labari suka cire wasu kalmomi suka maye gurbinsu da na ƙarya, waɗanda babu su a Turanci, don su tabbatar babu wanda ya san su. A rukunin da kashi 80 kawai na kalmomin ne sanannu, babu wanda ya fahimci labarin yadda ya kamata. Abin da suka cimma shi ne mai karatu na buƙatar sanin wajen kashi 98 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin, ko shida a shafin nan namu mai 300.

Nation ya kuma ƙiyasta a 2006 cewa kaiwa wannan matsayi a jarida ko littafin ƙagaggen labari na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma na nufin tushe da rassansa, kamar *help* da *helped* da *helpful* da *helpless*, duk a lissafa su ɗaya.

Yanzu a duba abin da ake yi. Ɗalibi yana da kalmomi 1,500 ko 2,000 a ka. Sai a ba shi guntun rubutu da aka yanko daga mujallar da aka rubuta don manyan da aka haifa cikin harshen. Ya yi ta tuntuɓe, ya buɗe ƙamus sau ashirin a sakin layi biyu, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Idan ya kasa, a ce ba ya da ƙoƙari. An bar jaki ana dukan taiki.

"Ai tambayoyin fahimta su ne atisayen"

Wannan ce hujjar da na fi ji. A'a, tambayoyin awo ne. Suna nuna inda mutum yake, ba sa matsar da shi gaba. Wanda ke son ya ƙara ƙiba ba hawa sikeli sau goma a rana zai ƙara masa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da suke koyarwa. Ɗalibi mai wayo yakan gano da wuri cewa ba sai ya karanta rubutun ba. Tambaya zai fara dubawa, ya ɗauki kalma ɗaya daga cikinta, ya bi layi-layi da yatsa har ya ga inda ta fito, ya kwafi abin da ke kusa da ita. Yakan ci uku ko huɗu cikin biyar ta haka. Ka rufe takardar ka ce ya ba ka labarin da bakinsa, sai ka ji shiru. Farautar kalma ya koya.

Kuma a duba yawan abin da ake karantawa. Guntun rubutu na kalmomi 300, sau biyu a mako, tsawon makonni arba'in, kalmomi 24,000 ke nan a shekara. Bai kai rabin matsakaicin littafin labari ɗaya ba. Ta yaya kalma za ta maimaitu isasshe a cikin ɗan wannan har ta kama? Yau rubutu kan aman wutar dutse, jibi kan tarihin jirgin ƙasa, babu abin da ya haɗa su, kalmomin jiya ba za su sake leƙowa ba.

Na yarda jarrabawa gaskiya ce, kuma duk wanda zai zauna mata dole ya san fasalinta: yadda ake raba lokaci, irin tarkon da ake ɗanawa a zaɓuɓɓukan amsa. Amma wannan aikin makonni ne kafin ranar. Ba shi ya kamata ya cinye shekaru ba.

"Littattafan yara za ka ba babba?"

Nan ne girman kai yake shigowa, kuma na fahimce shi. Mutum da gemunsa, ko mace mai digiri a wani fanni, a miƙa masa siririn littafi mai gajerun jimloli, dole ya ji an raina shi.

Sai dai ba littattafan yara nake nufi ba. Akwai littattafai da ake rubutawa musamman don masu koyo, mataki-mataki, irin jerin Oxford Bookworms da Penguin Readers. Na matakin farko ana rubuta su da kalmomi ɗari biyu zuwa uku, a yi ta hawa har dubu biyu zuwa uku. A ciki akwai labarin bincike, da na soyayya, da tarihin rayuwar mutane, da kimiyya. Hikimar ita ce kalmomin da aka zaɓa suna dawowa a kai a kai, kuma baƙin ba su da yawan da za su hana labarin tafiya. Shi kansa Michael West da na ambata, da irin waɗannan littattafai ya yi suna tun yana Dhaka.

An gwada, kuma an ga sakamako. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun kai littattafan labarai 250 na Turanci wasu makarantun firamare na karkara a tsibiran Fiji, inda yara ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu. Aka maye gurbin wani ɓangare na darasin da aka saba da karanta labarai. Bayan wata takwas, yaran da suka yi ta karatun sun ci gaba a fahimtar karatu da saurare ninki biyu na yadda aka saba gani.

Ba wani siddabaru a ciki. Wanda yake karanta abin da yake ganewa yana sauri, mai sauri yana karanta da yawa, mai karanta da yawa yana gamuwa da kalmomi sau da yawa. Wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa kuwa yana jan ƙafa, ya gaji, ya ajiye, ya ce shi dama kansa ba ya ja. Tazarar da ke tsakanin su biyun kullum ƙaruwa take yi.

Gwajin yana da sauƙi. Buɗe shafi, ka karanta, ka lanƙwasa yatsa duk lokacin da ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba. Idan yatsun hannu biyu sun ƙare kafin shafin ya ƙare, ajiye shi zuwa gaba ka nemi wanda bai kai shi ba. Babu abin kunya a nan. Iya ruwa fidda kai.

To hadda ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, kuma a nan na rabu da masu cewa karatu kaɗai ya isa. Wanda bai da kalmomi ko dubu ɗaya ba zai iya karanta komai ba balle ya tsinci sababbi. A wannan mataki zama a haddace kalmomi da gangan shi ne hanya mafi sauri. Matsalar ita ce wace kalma, kuma ta yaya.

Wace kalma, mun riga mun faɗa: a bi yawan amfani. Dubu biyu zuwa uku na farko tukuna. Mai shirin karatun jami'a ya ƙara da jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, dangin kalmomi 570 irin su *analyse* da *factor* da *significant*, waɗanda suke ɗaukar wajen kashi 10 cikin ɗari na rubutun ilimi. Wannan ciniki ne mai riba. Jerin "kalmomi hamsin da za su burge mutane" kuwa ado ne kawai.

Ta yaya kuma? Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Don haka kalma hamsin a dare ɗaya aikin banza ne. Gara kaɗan, a waiwaye su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, ana ƙara tazara. Da katunan takarda ana yi, manhajoji irin Anki ma aikin da suke yi ke nan.

Sannan kallon littafi ba bita ba ne. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun koya wa ɗalibai kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya, aka tilasta musu tuno amsa da kansu, sun riƙe wajen kashi 80 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambaya da zarar sun canki kalma sau ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku suka riƙe, ko da sun ci gaba da dubawa. Rufe gefen dama da tafin hannu ka matsa wa ƙwaƙwalwa, shi ne aikin.

Abu na ƙarshe a nan: kada a rubuta kalma tsirara. A rubuto ta da maƙwabtanta. Turanci yana cewa *make a decision* amma *take a risk*, yana cewa *heavy rain* ba *strong rain* ba. Babu dalili, kamar yadda babu wanda zai iya gaya maka abin da ya sa muke yanke hukunci amma muke tsai da shawara.

Ƙamus ko canki?

Malamai da yawa suna cewa a yar da ƙamus, a canki ma'ana daga abin da ke kewaye da kalmar. Shawara ce mai kyau ga wanda ya san abin da ke kewayen. Idan kalma ɗaya ce baƙuwa cikin hamsin, sauran arba'in da tara za su nuna hanya. Idan ɗaya ce cikin biyar, makaho ne ke jan makaho.

Ni abin da nake gani, kalma ta zo sau ɗaya ba ta hana ka gane labari ba, wuce ta. Ta dawo karo na uku, tsaya ka duba, ta nuna tana da zama. Kuma a nemi ƙamus ɗin masu koyo. Na Longman, tun fitowarsa a 1978, yana bayanin kalmomi ne da wasu zaɓaɓɓun kalmomi kimanin 2,000, don kada ka je neman ma'anar kalma ɗaya ka dawo da baƙi uku. Fassara zuwa harshen uwa ma ba zunubi ba ce, musamman a farko. A dai riƙa tuna cewa kalma ɗaya a can ba lallai ta zauna daram kan kalma ɗaya a nan ba.

Abin da ka riga ka sani

Akwai wani abu da masu shirya atisayen fahimta suke mantawa: ba kalmomi kaɗai ke kawo fahimta ba. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba yara a Amurka labarin wasan besbol su karanta. Yaran da ake ɗauka raunana ne a karatu amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimta.

Darasin ga mai koyo a fili yake. Fara da fagen da ka sani. Ma'aikaciyar jinya ta karanta kan lafiya, mai son ƙwallo ya karanta rahoton wasan da ya riga ya kalla. Labarin da ka ji da safe a harshenka, nemo shi da Turanci da yamma. Ka bi batu ɗaya na tsawon mako biyu, za ka ga kalmomi iri ɗaya suna ta dawowa da kansu, ba tare da ka rubuta su a ko'ina ba. Wanda ya samu littafi mai haɗe da murya ya saurara yana bin layi, domin rubutun Turanci da furucinsa ba sa ga maciji: *though* da *through* da *tough* sun isa shaida.

Masu cewa babu lokaci, minti ashirin nake nema. Ko a hankali mutum yake tafiya, kalma 100 a minti, ya karanta 2,000 ke nan a rana. A wata guda ya ninka abin da guntayen atisayen can suke bayarwa a shekara fiye da sau biyu.

Ƙanwata ba ta yar da littafinta ba, ban ma ce ta yar ba. Na dai ba ta wani siririn labarin bincike na mataki na biyu. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Haba Yaya, wannan ai na 'yan firamare ne." Na ce ta gwada. Bayan kwana biyu ta dawo da shi tana mita, wai tun a babi na huɗu ta gane wanda ya yi kisan, marubucin bai iya ɓoye abu ba. Ta tambaya ko akwai wani wanda ya fi shi rikici.